KATIN GAISUWA NA HANNU: DARASIN FURE, HATIMI DA FENTIN RUWA

Darasin wannan fitowa ba ya cikin jadawalin jarrabawa, don haka kowa ya kwantar da hankalinsa.

Duk wanda ya tashi a Zuru ya san garin sojoji ne. Da wuya ka zaga unguwa ba ka sami gidan da ke da ɗa a bariki ko a fagen daga ba. Namu gidan ma haka yake. Shekarar da aka tura yayana Arewa maso Gabas, sai a yi makonni wayarsa ba ta shiga, saƙon WhatsApp yana nan da alama ɗaya tilo. Rannan wani abokin aikinsa ya zo hutu, ya ce in da saƙo a ba shi kafin jibi. Inna ta haɗa ƙuliƙuli da yaji. Ni kuwa ba ni da ko sisi, sai na ce bari in yi masa kati da hannuna.

Na sassaƙa fure a jikin kilina, na ari tawadar hatimi irin ta ofis, na buga a kwali. Ya fito tsaf. Sai na ɗauko buroshi da ruwa zan sa masa launi. Kafin in ƙirga uku furen ya narke, ya koma wani baƙi-baƙin tabo kamar an zubar da shayi a littafi. Inna ta leƙo ta ce, "Kai, wannan fure ne ko ƙwai ya fashe?" A daren na sake wani, na kuma sake, sai a na huɗu na gane inda gizo ke saƙa. Abin da na gano a daren shi ne ƙashin bayan wannan darasi: a aikin kati, sanin abin da zai riga wani hawa takarda, ruwa ko tawada, ya fi iya zane muhimmanci.

DAGA INA ABIN YA SAMO ASALI?

Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa ya fito ne a Landan a 1843. Wani ma'aikacin gwamnati, Henry Cole, shi ya sa mai zane John Callcott Horsley ya tsara masa. An buga kofi 1,000, ana sayar da kowanne sule ɗaya, kuma launin da ke jikinsu da hannu aka shafa shi ɗaya bayan ɗaya. Shekara uku kafin nan, a 1840, Ingila ta sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa zuwa kobo ɗaya nasu, shi ya sa abin ya samu karɓuwa daga baya.

Amma kada wani ya ce maka aikin Turawa ne zalla. Fentin ruwan da kamfanin Winsor & Newton ke sayarwa tun ƙarni na 19, ka san abin da ke riƙe launinsa a takarda? Ƙaro ne. Wannan ƙaron dai da alarammomi ke haɗa tawada da shi. Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi a duniya, Chadi da Nijeriya na biye, musamman daga Borno, Yobe da Jigawa. Wato mu ke sayar musu da ƙaro a buhu, su maido mana da shi a ɗan akwati mai tsada. Buga zane da hatimi ma tsohon abu ne a Afirka ta Yamma: a garin Ntonso na ƙasar Gana, da ɓallin ƙwarya ake sassaƙa hatiman da ake buga wa yadin adinkira. Kuma duk wanda ya taɓa ganin zayyanar da marubuta Alƙur'ani na ƙasar Hausa ke yi da ja da rawaya da baƙi, ya san ƙawata takarda da hannu gadonmu ne.

KAYAN AIKI

Ba sai ka je Sakkwato ko Kaduna ba. Yawancinsu suna ɗakinka ko shagon da ke bakin makaranta:

1. Farin kwali mai kauri. Takardar hoto-kwafi nauyinta giram 80 ne, ruwa na taɓa ta za ta yamutse. Takardar fentin ruwa ta ainihi giram 300 ce. In ba ka samu ba, ɗauki kwalin da ake aikin zane da shi, amma ka zaɓi wanda ba ya sheƙi. Mai sheƙi ba ya shan ruwa.
2. Buroshi biyu, babba da ƙarami mai tsini.
3. Fentin ruwa, ko na akwati irin na 'yan firamare, ko wanda za mu haɗa a ƙasa.
4. Abin sassaƙa hatimi: kilina, tsohon silifas, dankali, ko ɗanyar kuɓewa.
5. Sabuwar reza, rula, fensir, almakashi, gam, da tef na takarda.
6. Kofi biyu na ruwa, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya mai tsabta na haɗa launi.
7. Guntun soso ko katifa, tsumma, da murafan kwalba ko farin faranti na dama launi.
8. Farin kyandir da gishiri, don dabaru biyu da za mu zo kansu.

HAƊA FENTI DA KANKA

In kana da fentin akwati, kana iya tsallake wannan sashe, amma za ka yi asarar rabin daɗin.

Fara da ruwan ƙaro. Daka ƙaro ya yi gari, ka zuba cokali 1 cikin ruwan ɗumi cokali 2, ka bar shi ya kwana. Da safe ka tace da tsumma, ka ɗiga zuma kaɗan, kamar rubu'in cokali. Ƙaro shi ke manne launi a takarda. Zuma kuwa tana jan danshi, tana hana fenti tsagewa in ya bushe, kuma tana sa ya narke da wuri in ka sake taɓa shi da ruwa. Jefa ƙwayar kanumfari ɗaya ko biyu don kada ya yi saurin hunhuna. Haɗa kaɗan-kaɗan, wanda zai ƙare a 'yan kwanaki.

Sai launuka:

Ja mai duhu: tafasa zoɓo a ruwa kaɗan har ya yi kauri, ka tace, ka haɗa da ɗigon ruwan ƙaro. Ga abin mamakin. Sinadarin da ke ba zoɓo launi, wato antosayanin, yana sauya kama gwargwadon tsami. Ɗiga lemun tsami, ya koma ja mai haske. Ɗiga ruwan kanwa, ya juye shuɗi-shuɗi ko kore mai toka. 'Yan sashen kimiyyar ɗakin gwaji sun san wannan wasa. Kuma kada ka firgita in ka shafa ja ya bushe ya koma shunayya. Yawancin takardun zamani akwai alli a cikinsu, shi ke juya shi. Shi ya sa ake gwaji a guntun takarda tukuna.

Rawaya: garin kurkur a ruwan ɗumi, a tace sosai. In kanwa ta taɓa shi sai ya koma ja-ja mai ruwan ƙasa, wanda ya dace da tsakiyar fure.

Shuɗi: garin bula ta wanki, a dama da ruwan ƙaro. Kada lemun tsami ya kusance ta, tsami yana kashe launinta.

Kore: haɗa bula da kurkur. Na san zuciyarka za ta ce ka matse ɗanyen ganye. Na gwada, cikin kwana kaɗan yake komawa ruwan ƙasa.

Ruwan ƙasa: jar ƙasa ta gefen hanya. Dama ta a ruwa, ka bari yashi ya kwanta, ka tsiyaye ruwan saman a wani kwano, ka bar shi ya sake kwanciya. Laɓon da ya taru a ƙasa shi ne fentinka. Wannan ba ya kodewa, don tsatsar ƙarfe ce ke ba shi launi.

Gaskiya ɗaya da ya kamata ka sani: zoɓo da kurkur ba sa jure rana. Katin da aka ajiye a littafi ko a jaka zai daɗe, wanda aka jingina a taga kuwa zai kode. In na sayarwa ne, ko ka faɗa wa mai saye, ko ka yi amfani da fentin akwati a manyan furannin.

SASSAƘA HATIMI

Kafin ka taɓa reza, fita ka kalli fure na gaske. Yawancinmu in an ce mu zana fure, sai mu zana wanda muka gani a littafin firamare, alhali ga namu a bayan ɗaki. Dubi furen kuɓewa: ganyen fure biyar, rawaya mai haske, tsakiyarsa ja mai duhu. Furen rama da na auduga ma kusan haka suke, don dangi ɗaya ne. Ga furen kabewa mai kama da bakin kakaki, ga bado a tafki, ga jan furen ɗorawa da ke reto kamar ƙwallo. Sai dai in katin na manomi ne, ka guji ƙuduji. Furensa kyakkyawa ne, amma wanda ya cinye masa dawa ba zai ga kyansa ba.

Hatimi mafi sauƙi Allah ya riga ya sassaƙa maka shi. Yanka ɗanyar kuɓewa a gicciye, ka dubi bakin yankan: fure ne sak, da ɗakunansa da 'ya'yansa. Matsalarta yauƙi. Danna bakin a tsumma sau da yawa, ka bar shi ya sha iska na 'yan mintuna kafin ka sa launi. Yanka kusa da kai ya ba ka babban fure, kusa da wutsiya ya ba ka ƙarami. Dankali ma yana sassaƙuwa da sauƙi, amma shi da kuɓewa na yini ɗaya ne, gobe sun yanƙwane.

In kana son hatimin da zai yi maka zango guda, kilina ko silifas za ka nema. Ga yadda ake yi:

Zana furen da fensir mai duhu a takarda. Kifa zanen a kan kilina, ka goga bayansa da farce, zanen zai hau. Sai ka yanke duk abin da ba ka son ya fito, ka bar layin furen a tsaye. Karkata rezar ta yadda gindin layin zai fi samansa faɗi, kamar kunyar gona. In ka shiga ta ƙarƙashinsa, bugu goma ba zai yi ba ya karye. Zurfin milimita 2 ya isa. Naɗe gefe ɗaya na rezar da tef, kuma kullum ka yanka kana nesanta ta daga yatsunka. Kada katin gaisuwa ya kai ka asibitin makaranta.

Ka tuna hatimi a juye yake fita, kamar madubi. Ga fure ba komai, amma in rubutu ne, ka leƙa wurin masu sassaƙa hatimi a bakin titi ka ga yadda suke rubuta haruffa a baibai. Hanyar kifa zane da na faɗa tana yi maka wannan juyin da kanta.

Hatimai uku sun wadatar: babban fure, ƙaramin fure ko toho, da ganye ɗaya. Kara da buroshi ake ja.

DOKAR RUWA DA TAWADA

To, ga inda na yi ɓarna a daren nan. Tawadar hatimi ta ofis, mai ruwan shunayya ko shuɗi, tana narkewa a ruwa ko da ta bushe. Haka tawadar allo, wadda dama an yi ta ne don a wanke. Haka kalar yara mai bakin soso. Duk wadda ruwa ke narkarwa, in ka bi ta kanta da jiƙaƙƙen buroshi, ta tafi.

Gwajin ba ya cin minti biyar. Buga hatimin a guntun takarda, bari ya bushe, ka ɗiga masa ruwa. In ya yi jirwaye, ka san da wa kake hulɗa. Daga nan hanyoyi uku ne:

Hanya ta farko, ruwa kafin hatimi. Ka shafa launukanka, su bushe ƙayau, sannan ka buga hatimi a kai. Wannan tana aiki da kowace irin tawada, kuma ita nake ba sabon shiga shawara.

Hanya ta biyu, hatimi kafin ruwa. Sai da tawadar da ruwa ba ya ci. In ba ka da ita, shafa maka irin wadda ba ta goguwa a fuskar kilinar ka buga nan take kafin ta bushe, ko ka buga da launi mai haske ka bi layin da baƙin biro. Sannan ka cike cikin furen da fenti.

Hanya ta uku, ka mai da matsalar ta zama ado. Shafa fenti mai kauri a hatimin, ka buga, sai ka ɗauki buroshi mai ɗan danshi ka jawo launin daga layi zuwa cikin ganyen furen. Bakin zai yi duhu, ciki ya yi haske, kamar furen gaske. Narkewar da ta ɓata min kati ita ce nan ta zama gwaninta. Bambancin kawai, yanzu kai ke tuƙa ruwan.

MATAKI-MATAKI

Bari mu yi kati ɗaya tare, ta hanya ta farko, da furen kuɓewa.

Mataki na 1: jikin kati. Takardar A4 milimita 210 ce a 297. Raba kwali mai wannan girma biyu, kowane rabi ka ninka shi biyu, ka samu kati mai faɗin milimita 105 da tsawon 148, wanda ke shiga ambulan mai lamba C6. Kafin ka ninka, ja layi a tsakiya da rula da mataccen biro. In ka ninka kwali mai kauri haka kawai, bayansa zai tsattsage.

Mataki na 2: fuskar kati. Kada ka yi fenti a jikin katin kai tsaye. Yanki wani kwalin daban, milimita 95 a 138, a kansa za ka yi aiki, daga baya ka manna. In ya lalace, shi kaɗai ya lalace. Manne gefunansa huɗu da tef a kan allon zane ko bayan faranti. Danna tef ɗin a rigarka tukuna don ya rage ƙarfi, in ba haka ba zai ɗauko fatar takardar wajen cirewa.

Mataki na 3: tsari. Da fensir, a hankali, sa alamar inda furanni za su zauna. Uku sun fi biyu ko huɗu daɗin kallo: babba ɗaya, matsakaici, da ƙarami, a jere kamar duwatsun murhu. Kada ka kafa babban a tsakiya cif. Matsar da shi gefe kaɗan. Bar kusan kashi ɗaya cikin uku na takardar fari, nan rubutu zai zauna, nan ido zai huta.

Mataki na 4: jiƙa a jiƙe. Da ruwa mai tsabta, jiƙa da'ira inda kowane fure zai kasance. Takardar ta yi sheƙi, amma kada ruwa ya kwanta. Taɓa rawaya a ciki, ka bar shi ya bazu da kansa. Kafin ya bushe, ɗiga zoɓo ɗigo ɗaya a tsakiya. Sannan ka janye hannunka. Wannan shi ne mataki mafi wuya, wallahi, don hannu zai yi ta ƙaiƙayi yana son gyara. Duk gyaran da ka yi a nan ɓarna ce. Yi wa wurin ganye haka da kore. Ba dole launin ya tsaya cikin layi ba. Fitar da yake yi ita ce kyansa.

Mataki na 5: jira. Da hunturu, iska na busar da takarda tun kana dama launi, don haka yi fure ɗaya-ɗaya, kada ka jiƙa duka lokaci guda. Da damina kuwa, musamman a ƙasar Zuru da ta fi arewacin Kebbi ruwan sama, sai ka yi haƙuri. Taɓa da bayan yatsa: in ka ji sanyi, da sauran danshi a ciki. Je ka yi karatu shafi biyu ka dawo.

Mataki na 6: bugu. Sa launi a hatimi da soso, ta hanyar dannawa, ba gogawa ba. Fentin hatimi ya fi na buroshi kauri, kamar kunu, ba kamar ruwan shayi ba. Gwada a guntun takarda. Shimfiɗa tsumma ninki biyu a ƙarƙashin aikinka don bugun ya kama ko'ina. Saukar da hatimin a miƙe, danna, ƙirga uku, ɗaga a miƙe. Kada ka girgiza shi. In ka sake bugawa ba tare da ƙara launi ba, zai fito dishi-dishi, kamar furen da ke nesa. Yi amfani da wannan ga ganyayen baya.

In kana son ganye ya leƙo daga bayan fure, buga furen a wata takarda, ka yanko shi da almakashi, ka rufe na katin da shi, sannan ka buga ganyen a kai. Kana ɗagawa za ka ga ganyen ya shige baya.

Mataki na 7: ƙarasawa. Ja kara da ƙaramin buroshi, a shafa ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Sa ɗige-ɗige a tsakiyar fure da tsinken ashana. Cire tef a hankali kana jan sa waje. Farin gefen da zai bari shi ke sa aikin ya yi kama da na shago. Shafa gam siriri a baya, manna a jikin kati, ka danne da manyan littattafai ya kwana. Ga amfanin littattafan nan masu kauri da muke wucewa a laburare.

DABARU BIYU NA ƘARI

Kyandir: zana jijiyoyin ganye ko ɗige-ɗige da farin kyandir kafin ka sa ruwa. Fenti ba ya hawa kitsen kyandir, wurin zai zauna fari. Amma hatimi ma ba ya kamawa a nan, sai ka lura.

Gishiri: yayyafa 'yan ƙwayoyi a kan fenti yana da sauran sheƙi. Kowace ƙwaya za ta tsotse ruwan da ke kewaye da ita ta bar tauraro. In ya bushe sarai ka kakkaɓe. Da zoɓo ya fi kyau.

KURAKURAN DA KOWA KE YI

Launi ya koma kamar laka: ka haɗa launi fiye da uku, ko ruwan kofinka ya yi datti. Sauya ruwa.

Bugu ya cika ya toshe: launi ya yi yawa a hatimi. Buga na farko a guntun takarda, na biyu a kati.

Takarda ta kumbura ta fara sulluɓewa: ka goga buroshi wuri ɗaya da yawa. Shafa biyu, ka wuce.

Ɗigon fenti ya faɗo inda ba a so: tsotse shi nan take da busasshen tsumma, kada ka goga. In ya ƙi fita, buga ƙaramin fure a kansa. Babu wanda zai sani sai kai.

ABIN DA ZA KA RUBUTA

Kati ba tare da saƙo ba, kwali ne mai fenti. Kada ka yi wahalar sassaƙa da fenti, sannan ka kwafo kalaman da kowa ke turawa a waya. Ambaci abu ɗaya da ya haɗa ku, kai da shi kaɗai. Layi uku na gaskiya sun fi shafi guda na aro. Rubuta da harshen da kuke hira da shi. In Dakarci ne, rubuta da Dakarci, in ka iya, ko da kalmar gaisuwa ce kawai. Ka kula da girma: abin da za ka rubuta wa abokin ɗaki daban, na Baba ko Malam daban. Sa kwanan wata a ƙasa, don wata rana shi za a fi dubawa.

KO ZA A CI ABINCI DA SHI?

Za a iya, in an yi lissafi. Zuru gari ne da ba ya rabuwa da buki: ga Sallah ƙarama da babba, ga Kirsimeti da Ista, ga Uhola bayan an kawar da amfanin gona, kuma sau da yawa a dangi ɗaya za ka sami masu yin kowanne. Ga suna, ga aure, ga yaye ɗalibai. Amfanin hatimi ke nan: sassaƙa ɗaya, bugu ɗari. Kwali mai girman A1 yana ba da jikin kati 16. Yi aiki a jere, wato ka yanka duka, ka shafa duka, ka buga duka, maimakon ka gama ɗaya ka fara wani. Wajen sa farashi, tara kuɗin kwali, gam, fenti da ambulan, ka raba da yawan katin da suka fito lafiya, ba da yawan da ka fara ba, sannan ka ɗora ladan lokacinka. Bar cikin katin fari, ka karɓi ƙarin kuɗi ga mai son a rubuta masa suna. Ga masu neman abin nunawa a darasin koyon sana'a, wannan jarinsa ba shi da yawa.

Amma kada ka fara da kasuwa. Fara da mutum ɗaya.

Yayana ya dawo lafiya, alhamdu lillahi. Ranar da yake kwance jaka, sai ga katin nan ya faɗo daga cikin wata leda, ya lanƙwashe, jan ya kode ya koma ruwan toka. Na ce, "Yaya, ashe kana da wannan abin har yanzu?" Ya karɓe daga hannuna ya ce, "Ajiye min kayana. Inda muke babu caji, wannan ba ya mutuwa."

AIKIN GIDA

A wannan makon, sayi kuɓewa guda uku, ka tafasa zoɓo rabin kofi. Yi gwajin ɗigon ruwa a kan kowace tawada da ke ɗakinku, ka rubuta wadda ta narke da wadda ta tsaya. Sannan ka yi fuskar kati huɗu, ka zaɓi mafi kyau, ka aika wa wanda ka daɗe ba ka gaisar ba. Ke ma 'yar uwa, hannun da ya iya zanen lalle ya riga ya ci rabin wannan darasi. Wanda nasa ya yi kyau ya kawo ofishin ƙungiyar ɗalibai mu gani. Wanda nasa ya koma fasasshen ƙwai, shi ma ya kawo, mu yi dariya tare mu gano inda ruwa ya riga tawada.